RININ FURFURA DA GUBAR DALMA: KAI KA SHAFA, YARONKA YA HAƊIYE



 Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a karanta shi har ƙarshe, musamman idan akwai mai rina gashi ko gemu a gidanku, kuma akwai ƙaramin yaro ko mai juna biyu a cikin gidan.

Furfura a yanzu ba ta jiran tsufa. Sai ka ga mutum bai kai arba'in ba amma gefen kansa ya yi fari, ita ma uwargida tana tsefe kitso sai ta ci karo da sili biyu uku. Daga nan sai a shiga neman rini. Kasuwa kuwa ba ta rasa shi ba: ga na kwali, ga na kwalba, ga ƙullin leda da ba suna ba adireshi, ga wanda aka kawo tsaraba daga tafiya da hoton ganye kore shar a jikinsa. Mai saye tambaya biyu yake yi: yana kamawa? Nawa ne? Ta ukun da ta fi su muhimmanci ba a cika yin ta ba, wato me aka zuba a ciki?

Abin da muke so ka riƙe daga wannan darasi shi ne, idan rini yana ɗauke da dalma, to ba a kanka take tsayawa ba. Tana bin hannunka da matajinka da matashinka, har ta isa bakin ɗanka.

*TA INA ƘARFE YAKE SHIGA CIKIN RINI?*

Akwai wasu ƙarafa da masana ke kira ƙarafa masu nauyi, irin su dalma, zaiba, kadmiyam da asanik. Jiki ba ya buƙatarsu ko kaɗan, kuma idan sun shiga ba sa fita da wuri, taruwa suke yi a hankali. Ta hanya biyu suke shiga rini.

Ta farko, ba da gangan ba. Ganyen da aka shuka a ƙasar da ta gurɓata, ko aka shanya a bakin titi, ko aka niƙa a injin da ya niƙa wani abu daban, ko kalar masana'anta mai arha da ba a tace ba, duk suna iya ɗauko ɓurɓushin ƙarfe. Shi ya sa hukumomi suka sa iyaka. A Kanada misali, dalmar da ke cikin kayan kwalliya bai kamata ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kadmiyam da asanik kashi 3, zaiba kashi 1.

Ta biyu, da gangan, domin ƙarfen shi ne ma yake yin rinin. Wannan ita ce ta fi haɗari.

*RININ DA KE BAƘANTA GASHI A HANKALI*

Wataƙila ka taɓa ganin irinsa. Ruwa ne ko mai da ake shafawa kullum kamar man gashi, ba a haɗa shi da komai, ba a wanke shi nan take. Ana tallarsa da cewa wai ba rini ba ne, yana maido da asalin launin gashi ne a hankali ba tare da kowa ya gane ba. Cikin sati biyu zuwa uku sai furfura ta yi duhu.

Sirrin tsohon samfurin wannan rini shi ne gishirin dalma, wanda ake samu idan dalma ta haɗu da tsamin khal. Gashin ɗan Adam yana ɗauke da sinadarin farar wuta, galibi kuma ana ƙara wata farar wutar a cikin kwalbar. Idan dalma ta haɗu da farar wuta sai su zama wani baƙin abu da ke liƙe wa gashi. Kullum ka shafa, baƙin yana ƙaruwa. Kenan duhun da kake gani a madubi, dalma ce ta kwanta a kan gashinka.

Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin Girkawa da Rumawa ake haɗa dalma da farar ƙasa ana baƙanta gashi. A Amurka an halatta gishirin dalma a rinin kai a 1980, da sharaɗin kada dalmar ta wuce kashi 0.6 cikin ɗari. Adadin kamar kaɗan ne ko? To lissafa: kashi 6,000 ne cikin miliyan, wato ninki 600 na waccan iyakar ta kashi 10 da muka faɗa a sama. Tarayyar Turai da Kanada sun hana shi tuntuni. Ita ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke hukuncin soke izininsa a watan Oktoban 2018, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2022. Sanannen samfurin nan Grecian Formula, wanda ya yi shekaru yana amfani da gishirin dalma, ya koma amfani da wani sinadarin daban mai suna bismut.

Sai dai hani a Turai da Amurka ba ya nufin abin ya ƙare a duniya. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu ta jaka da ta kan iyaka ba duka ne suke bi ta hannun hukuma ba, tsohon kaya kuma yakan daɗe a kanti.

*DAGA KAI ZUWA HANNU, DAGA HANNU ZUWA BAKI*

Za ka iya cewa, ai shafawa nake yi ba sha ba. Gaskiya ne lafiyayyar fata ba ta barin dalma mai yawa ta ratsa ta. Babbar ƙofar dalma baki ne da hanci. To amma dubi yadda rayuwar gidanmu take.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Xavier da ke Luwiziyana a Amurka sun gwada irin wannan rini. Sun samu dalma a tafin hannun mai shafawa, sun same ta a mataji da kan famfo, kuma wanke hannu da sabulu bai cire ta duka ba. Shafa busasshen gashin kawai yana sake kwaso ta.

Ɗan uwa, mu da hannu muke cin tuwo, sau da yawa kwano ɗaya da yara. Kana shafa gemu a alwala sau biyar a rana, kana shafa shi kana hira ba ka ma sani ba. Ka ɗauki jaririnka, abin da zai fara cafka gemun ne, daga nan hannun sai baki. Ke ma 'yar uwa, goyon da ke bayanki da gashinki yake wasa. Mataji ɗaya kike taje kanki ki taje na 'yarki, matashi ɗaya, tawul ɗaya, ɗankwalinki kuma shi ne wani lokacin abin goge bakin yaro.

Ko a lokacin da yake halal a Amurka, dole ne a rubuta gargaɗi a jikin kwalbar cewa kada a shafa a gashin baki, ko gira, ko gashin ido, ko kan da ke da rauni, a wanke hannu sosai, a kuma ɓoye wa yara. A wajenmu kuwa gemu da gashin baki su ne ma wurin da maza suka fi rinawa, daf da leɓe. Matan da ke sa man saukar da gashi kuma sun san yadda yake ƙona fatar kai, ga masu amosani da ke sosawa har jini. Kan da ke da rauni ƙofa ce a buɗe. Wani abin tsoron, gishirin dalma zaƙi ne da shi, har Turawan da suna kiransa sukarin dalma. Yaron da ya samu kwalbar ba ɗacin da zai hana shi sha.

*ME DALMA TAKE YI A JIKI?*

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, saboda ƙurar dutsen zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, ita ta fara gano abin. A 2015 aka sake samun irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne.

Dalmar da ke rini ba ta kai ko kusa da yawan ta ma'adinai ba, wannan gaskiya ne. Amma darasin Zamfara shi ne, babba ne ke kawo ta gida, yaro ne ke biyan farashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotse daga abin da ya haɗiye. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauke ma'aunin da ake fara bibiyar yaro daga maikurogiram 5 zuwa 3.5 a kowane desilita na jini.

A wannan matakin yaro ba ya suma, ba ya jijjiga, ba ka ganin komai. Ƙwaƙwalwarsa ce take raguwa a ɓoye: jinkirin magana, rashin natsuwa, wahalar hadda, saurin fushi, ƙarancin jini. Sai a ce yaron daƙiƙi ne ko ba ya ji, a yi ta dukansa a makaranta. Abin da dalma ta rage a ƙwaƙwalwar yaro kuma ba ya dawowa.

Ga babba, tana jawo hawan jini, raunin ƙoda, ciwon ciki mai murɗawa, taurin bayan gida, kasala, ciwon kai da mantuwa. Tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da ingancinsu. Alamomi ne da mukan jingina wa basir ko sanyi ko taifot, wani lokacin ma a ce sammu ne, a yi ta shan magani abin yana nan.

'Yar uwa, ga wadda ta shafe ki kai tsaye. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin kalsiyam ne, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya adana. Sama da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke jikin babba a ƙashi take, kuma tana iya yin shekaru gommai a can. Idan ciki ya shiga, jiki yana ciro kalsiyam daga ƙashin uwa don gina na jariri, sai dalmar ta biyo ta ratsa mahaifa. Tana iya kawo ɓari, haihuwar bakwaini ko jariri mara nauyi. Kin ga kenan abin da budurwa ta shigar jikinta yau yana iya jiran ɗanta na fari.

*KWALLI MA A LURA*

Wancan baƙin abin da muka ce yana samuwa idan dalma ta haɗu da farar wuta, shi ne dai sinadarin dutsen nan mai ƙyalli da ake dakawa a yi kwalli da shi a wurare da yawa. A 2012 CDC ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston, iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, an samu dalma ta hau a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Ismid da hadisi ya yaba dutse ne daban, amma gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwa a ƙasashen Larabawa, Afirka da Asiya sun sha samun dutsen dalma a cikinsa. Don haka kada a sa wa jariri kwallin da ba a tabbatar da shi ba, kuma kada a zuba garin kwalli a cikin lalle wai don ya ƙara baƙi.

*LALLEN DA BA LALLE ZALLA BA*

Ganyen lalle launi ɗaya yake bayarwa, ja mai ruwan goro da ke ƙara duhu cikin kwana biyu zuwa uku. Duk kwalin da aka rubuta lalle baƙi, ko lalle ruwan zinare, ko lalle ruwan ƙasa, to an ƙara wani abu. Wani lokacin ganye ne mara illa, wani lokacin kuma gishirin ƙarfe ne: na dalma, na azurfa, na tagulla, na nikel ko kobalt. Ha'incin gyara launin gari da guba ba sabon abu ba ne. A Bangaladash masu bincike sun gano ana zuba wa kurkur kalar da ke da dalma don ya ƙara ɗorawa ya ja hankalin mai saye.

Nikel da kobalt suna cikin ƙarafan da suka fi jawo ƙaiƙayi da borin fata. Kadmiyam yana zama a ƙoda shekara 10 zuwa 30, yana raunana ta yana lalata ƙashi, kuma shi da asanik suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Masu gyaran gashi sun san wata alama. Idan gashin da ya sha irin wannan lalle ya haɗu da rinin zamani mai ruwan haɗi na feroksaid, sai ya ɗau zafi, ya yi wari, ya koma kore-kore ko ya karairaye. Idan haka ta taɓa faruwa da ke, ki zargi abin da kika shafa kafin nan.

*DAYIS DA BAƘIN LALLE*

Wannan ba ƙarfe ba ne, amma tunda a kwando ɗaya ake sayar da su dole mu ambace shi. Abin da ke sa dayis da baƙin lalle su kama baƙi wuluk cikin minti kaɗan wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa PPD. A Turai an yarda da shi a rinin gashi kawai, kuma kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari bayan an haɗa. Zana shi a fata kamar yadda ake yi wa amare ba a yarda da shi ba a Turai da Amurka. Yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa a daidai zanen, ya bar tabo, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa, har abada zai riƙa yin bori idan ya sake haɗuwa da shi.

Haɗiye shi kuwa kisa ne. A Sudan, inda ake yawan haɗa shi da lalle, likitocin Khartum sun rubuta labarin yara 31 da suka kamu da gubarsa tsakanin 1984 da 1989, 13 daga ciki suka rasu. Fuska da wuya da harshe suna kumbura, numfashi ya toshe, fitsari ya koma kalar shayi mai duhu, ƙoda ta tsaya. Duk wanda aka ga haka a jikinsa, a ɗauki kwalin a ruga asibiti nan take. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai.

*ME SUNNA TA KOYAR?*

Alhamdu lillahi, addininmu bai bar mu a duhu ba. Canza launin furfura abu ne da Manzon Allah (S.A.W) ya kwaɗaitar a kai, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, ya kuma hana tsige ta domin haske ce ga musulmi. A ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar (R.A), kansa da gemunsa fari fat, Annabi (S.A.W) ya yi umarnin a canza masa amma a nisanci baƙi, Muslim ne ya ruwaito daga Jabir. A hadisin Abu Zarr kuma an ambaci lalle da katam a matsayin mafi kyawun abin da ake canza furfura da shi. Anas ya ba da labarin cewa Abubakar yana rini da lalle da katam, Umar kuma da lalle zalla.

Malamai sun yi saɓani a kan baƙi tsantsa. Imam Nawawi ya tafi a kan haramci, a Risala ta Ibn Abi Zaid kuma makaruhi ne bai kai haram ba. Amma yin sa don yaudara, kamar dattijon da zai je neman aure ya ɓoye shekarunsa, wannan ha'inci ne ba mai halatta shi.

Ka lura da wani abu: kusan duk haɗarin da muka lissafa a wajen neman baƙi yake taruwa. Abin da Sunna ta nuna kuwa ganye ne guda biyu. Ga kuma ƙa'idar da kowane ɗalibi ya haddace a Arba'una Hadisi, ta hana cutar da kai da cutar da wani. Yaron da ke cinyarka yana cikin wannan wanin.

*YADDA ZA A HAƊA NA GIDA*

Mu Allah ya hore mana lalle a ƙasarmu, ba sai an jira na kwali ba. Ki samu ganyen lalle ki tsince shi, ki shanya a inuwa a kan tabarma mai tsabta nesa da titi, ki daka a turmi mai tsabta ki tankaɗe da rariya mai laushi. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami ko ruwan tsamiya, ki rufe ya kwana ko ya yi awa 6 zuwa sama. Ki shafa ya yi awa 2 zuwa 4, sannan ki wanke.

Idan ana son ya yi duhu, katam ganyen wata bishiya ce da ke fitowa a duwatsun Yaman. Inda babu shi, garin ganyen baba, wanda marina ke amfani da shi, yana yin kusan wannan aikin. Ana kwaɓa shi da ruwan ɗumi kawai ba tsami, a gauraya da kwaɓaɓɓen lallen a shafa nan take, domin shi ba ya jira. Yawan baban, yawan duhun. Garin ganyen muke nufi fa, ba ruwan karofi ba, wanda aka haɗa da toka. Kuma garin katam da na baba duk kore-kore ne. Idan aka miƙo miki gari baƙi ko toka-toka aka ce katam ne, ki ajiye masa abinsa. Kada a ƙara kananzir, fetur ko garin batir.

Gargaɗi ɗaya ko a kan lalle mai kyau: kada a sa wa jarirai. Akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gado, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa a yankinmu musamman ga 'ya'ya maza. Irin wannan jariri lalle yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, ya yi shawara mai tsanani.

*IDAN ZA A SAYI NA KASUWA*

1. Duk abin da ba shi da sunan kamfani, jerin abin da ke ciki da ranar lalacewa, a bar shi komai arharsa.

2. A Najeriya a duba lambar NAFDAC, a sauran ƙasashe a duba ta hukumar ƙasar. A saya a shagon da aka sani, domin lambar ma ana buga ta jabu.

3. A karanta jerin sinadaran. Idan an ga Lead acetate, ko Acétate de plomb da Faransanci, ko kalmar رصاص da Larabci, gishirin dalma ne, a ajiye.

4. Rubutun cewa na ganye ne ko na gargajiya ne ba hujja ba ce, haka rubutun Larabci ko hoton Ka'aba a jikin kwali.

5. A gwada kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. Amma a sani wannan gwajin borin fata kawai yake nunawa. Dalma ba ta ƙaiƙayi, ba ta wari, ɗakin gwaji ne kaɗai ke gano ta.

6. A sa safar hannu, a yi a wuri mai iska, kada a shafa a kan da ke da ƙuraje ko ƙuna, kada a rina gira ko gashin ido. Kwano da cokalin haɗi kada su koma kicin.

7. Masu kitso, masu ƙunshi da masu aski, ku ne kuka fi kowa taɓa waɗannan abubuwa. Safar hannu ta zama dole, kada ku ci abinci a wurin aiki ba ku wanke hannu ba, kada goyonku ya riƙa rarrafe a inda gari ke zuba.

*WANDA YA RIGA YA YI AMFANI DA SHI FA?*

Kada hankalinka ya tashi, amma ka daina daga yau. Ka aske gashin da ya sha rinin idan zai yiwu, mace kuma ta rage abin da za ta iya, ta riƙa rufe kai idan tana tare da yara. A canza mataji, a wanke rigar matashi da tawul da hula daban, a goge wurin ajiyar da jiƙaƙƙen tsumma. Ragowar kwalbar a ɗaure ta a yar a inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Idan an daɗe ana amfani da shi kuma akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ko mai ciki a gidan, a je wurin likita da kwalbar a nemi gwajin dalma a jini. Shi ne kaɗai hanyar sani.

Ga wata gaskiya da amana ta sa dole mu faɗa. Zuma, habbatus sauda, man zaitun da ƙaho duk suna da falalarsu, amma babu wani binciken likitanci da ya tabbatar suna fitar da dalma daga jiki. Duk wanda ya ce yana da haɗin wankin dalma, ka riƙe kuɗinka. Idan ta yi yawa a jini akwai magungunan asibiti da ke kama ta su fitar ta fitsari, irin wanda aka ba yaran Zamfara, kuma likita ne ke ba da su yana bibiya.

Abin da abinci ke iyawa shi ne rage tsotsewa. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfen jini ko kalsiyam, ko cikinsa ba komai, ya fi ɗaukar dalma. A ba yara karin kumallo da wuri, a yawaita musu wake, zogale, miyar kuka, alayyafo, hanta, ƙananan kifi da nono, da lemu ko gwaiba. A wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci.

'Yan uwa, a duba kan madubi da cikin durowa yau ɗin nan, a karanta abin da ke jikin kwalaben. A tura wannan saƙo ga iyayenmu, da mai yi miki ƙunshi, da mai yi maka aski, wataƙila ka zama sanadin tsirar ƙwaƙwalwar wani yaro.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kare mana zuri'a, ya sa furfurarmu ta zama haske gare mu ranar gobe ƙiyama. Amin.